Ƙananan Kwanukan da Ke Kewaye da Shinkafa

Duk wanda ya tashi da kallon finafinan Indiya a Kano ko Zariya ko Maraɗi ya san farantin nan, ko da bai taɓa jin sunansa ba. Babban faranti ne na ƙarfe mai sheƙi, an jera ƙananan kwanuka a bakinsa sun yi da'ira, a tsakiya kuma an tula shinkafa ko an ɗora gurasa biyu zuwa uku. Sunan farantin thali, ƙananan kwanukan kuwa katori. A kudancin ƙasar ganyen ayaba ne ke maye gurbin farantin, amma tsarin bai sauya ba: hatsi a tsakiya, sauran abubuwa na kewaye da shi. Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan tsari ba, domin shi ma a gidansa tuwo ake kira abinci, miya kuwa mahaɗi ce. A Punjab, wanda zai tambayi baƙo ko ya ci abinci cewa yake yi ko ya ci roti, wato gurasarsu ta alkama. A Bengal kuwa tambayar ita ce ko ya ci shinkafa.

Ranar da likita ya dubi takardar gwaji ya ce wa magidanci ko uwar gida ciwon suga ya kama su, wannan tsakiyar farantin ce ke fara shiga tuhuma. Daga nan sai gida ya rikice. Wasu sukan ware wa majinyacin tukunyarsa daban, a dafa masa abu salam, ba gishiri ba mai, har ya ƙosa ya koma cin abin da aka hana shi a ɓoye. Wasu kuma sukan bar farantin yadda yake, su dogara ga ƙwayar magani kaɗai. Hanyoyin biyu ba sa kai wa ga inda ake so, kuma abin da ke jiran wanda sugansa ya daɗe yana hawa ba ƙarami ba ne: lalacewar ƙoda, dusashewar gani, gyambon ƙafa da ba ya warkewa, bugun zuciya. Akwai hanya ta uku da ta fi waɗancan daɗewa a hannun mutane, kuma ba ta buƙatar a shigo da baƙon abinci cikin madafa. Tana cikin ƙananan kwanukan nan na gefe.

Indiya ba ta rasa dalilin damuwa da wannan batu ba. A shekarar 2023 aka wallafa sakamakon wani babban bincike na ƙasa baki ɗaya, wanda Majalisar Binciken Lafiya ta Indiya ta ɗauki nauyinsa, cibiyar binciken ciwon suga ta Dokta V. Mohan da ke Chennai kuma ta jagorance shi. Binciken ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 101 ne ke da ciwon suga a ƙasar, wasu miliyan 136 kuma suna bakin gaɓa, sugansu ya zarce ƙa'ida amma bai kai matakin cuta ba. Ciwon kansa tsohon sani ne a can. Littattafan likitancin Ayurveda da ake danganta wa Charaka da Sushruta sun ambace shi da sunan madhumeha, ma'ana fitsarin zuma, an kuma lura tun a wancan zamani cewa tururuwa na taruwa a kan fitsarin mai wannan cuta. Abin da ya zama sabo shi ne yawan masu ita, da kuma yadda take kama mutanen da a ido ba su da ƙiba. A 2004 mujallar Lancet ta buga hoton likitoci biyu a tsaye kafaɗa da kafaɗa, Chittaranjan Yajnik na birnin Pune da John Yudkin na Landan. Ma'aunin nauyi da tsawon jikinsu ɗaya ne, 22.3, amma kitsen jikin Yajnik ya kai kashi 21.2 cikin 100, na Yudkin kuwa 9.1. Jikin mutumin Kudancin Asiya yakan tara kitse a ciki, kewayen hanji da hanta, tsokarsa kuma kaɗan ce, alhali tsoka ce babbar ma'ajiyar sugan da ke fitowa daga abinci.

A kan irin wannan jiki ake sauke farar shinkafa sau biyu ko uku a rana. Kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa na ɗauke da sitaci kimanin giram 45, wanda a nauyi ya yi daidai da cokalin shayi 11 na sukari, kuma ba kasafai lafiyayyen magidanci ke tsayawa a kofi ɗaya ba. Injin casa ya riga ya cire dusar da ke jinkirta narkewa, saboda haka sitacin kan zama suga ya shiga jini cikin ɗan lokaci. Kakannin mutanen yau a sassa da dama na Indiya ba haka suka ci ba. Abincin talakan Rajasthan bajra ne, wato gero. Na Maharashtra da arewacin Karnataka jowar, wato dawa. A kudancin Karnataka kuma ragi, wanda Bahaushe ke kira tamba. Juyin noman da aka yi daga tsakiyar shekarun 1960, da sababbin irin alkama da shinkafa masu yawan yabanya, ya kuɓutar da ƙasar daga yunwa, ya kuma ture waɗannan hatsi gefe. Shi ya sa Indiya ce ta kai ƙudurin da ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa.

Sai dai komawa ga gero bai warware matsalar yadda masu tallarsa suka so ba. Wani ɓangare na wancan babban bincike, wanda ya fito a mujallar Nature Medicine a 2025, ya nuna cewa kimanin kashi 62 cikin 100 na kuzarin da Ba'indiye ke samu daga abinci na fitowa ne daga sitaci da sukari, sinadarin gina jiki kuwa bai wuce kashi 12 ba. Masu binciken sun gano cewa musanya farar shinkafa da garin alkama ko na gero ba ya rage haɗarin ciwon idan yawan sitacin bai ragu ba. Abin da ya nuna amfani shi ne a rage wani yanki na sitacin a maye shi da furotin daga wake da danginsa ko daga nono. Wannan darasi ne da masu ciwon suga a ƙasar Hausa za su gane, domin an daɗe ana gaya musu su bar tuwon shinkafa su koma tuwon alkama, kamar dai malmalar alkama uku ba sitaci ba ce. Idan girman tudun tsakiya ne matsalar, to sai an sami abin da zai cike gurbin da ya bari a ciki, kuma wannan aikin mahaɗai ne.

Aikin da suke yi a jiki iri biyu ne. Na farko ba ya buƙatar ilimin likita: tumbi yana da iyaka, kuma duk lomar kabeji ko kokwamba da ta shiga ta tare wurin lomar shinkafa. Giram 100 na kokwamba bai kai giram 4 na sitaci da suga ba. Na biyu ya fi ɓoyuwa. Zaren da ke cikin ganye da wake, wanda ake kira fiba, da furotin, da ɗan mai, da tsami, dukkansu suna jinkirta fitar abinci daga tumbi zuwa hanji, inda ake tsotse suga. Shinkafar da ta shiga ita kaɗai takan tura suga cikin jini a tashi ɗaya, kamar ruwan sama a kan dandagaryar ƙasa. Wadda ta shiga tare da wake da ganye da kindirmo takan saki nata a hankali, insulin ɗin da ya rage wa majinyaci ya sami sararin aiki. David Jenkins na Jami'ar Toronto, wanda ya fito da ma'aunin saurin hawan suga na abinci daban-daban a 1981, ya tarar da wake da adas a can ƙasan jerin. Shekara guda bayan haka shi da abokan aikinsa suka nuna cewa wanda ya karya kumallo da adas yakan sami sauƙin hawan suga har bayan abincin rana.

Ko jerin yadda ake cin abin da ke faranti yana da tasiri. A 2015 Dokta Alpana Shukla da abokan aikinta a kwalejin likitanci ta Weill Cornell da ke New York suka ba masu ciwon suga abinci iri ɗaya a ranaku biyu. Rana ɗaya suka fara da burodi da ruwan lemo, sannan kaza da kayan lambu bayan minti 15. Wata ranar aka juya jerin. Da aka fara da kayan lambu da nama, sugan jini bayan awa ɗaya ya yi ƙasa da kusan kashi 37 cikin 100. Mutum 11 kacal aka gwada, don haka ba abin gina hukunci ba ne shi kaɗai, amma gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nufi wannan alƙibla. Abin sha'awa shi ne gidajen Bengal sun daɗe da irin wannan jeri ba tare da ɗakin gwaji ba. A can ba a zuba komai lokaci guda. Ana farawa da abu mai ɗaci, kamar shukto, wani haɗin kayan lambu da karela a ciki, ko soyayyen ɗanyen ganyen dogon yaro da yalo, sannan ganye, sannan dal, sannan kifi, zaƙi ne ke zuwa a ƙarshe. Gaskiya ne kowane mataki da 'yar shinkafarsa ake cakuɗa shi, amma wanda ya ƙanƙanta shinkafar a matakan farko ya riga ya sami rabin abin da likita ke nema.

Mafi sauƙin mahaɗan duka shi ne kachumber: kokwamba da albasa da tumatir a yanka ƙanana, a matsa lemon tsami, a barbaɗa gishiri kaɗan da ɗanyen barkono da ganyen koriyanda. Ba ya ganin wuta, ba ya cin mai, minti biyar sun ishe shi. Kusa da shi akwai raita, wato kindirmo marar sukari da aka kaɗa aka zuba masa gurzajjen kokwamba ko na'a-na'a da garin gasasshen kumin. Raita na kawo furotin da tsami a kwano ɗaya, kuma ita ce ke kwantar da zafin yaji, shi ya sa ba a raba ta da biryani. Wanda ya cinye waɗannan biyu kafin hannunsa ya kai tsakiyar faranti zai tarar yunwar da ya zo da ita ta ragu sosai.

Amma inda madafar Indiya ta yi fice da gaske shi ne a busasshiyar dahuwar kayan lambu, wadda ake kira sabzi a arewa, poriyal a Tamil Nadu, thoran a Kerala. Sirrinta wata dabara ce mai suna tadka. Ana ɗora cokali ɗaya ko biyu na mai a wuta har ya yi zafi, a jefa ƙwayar mastad ta fara tsalle tana fashewa, a bi da kumin, busasshen barkono, ganyen kori, wani lokaci tafarnuwa da citta. Cikin daƙiƙu kaɗan man ya kwashi ƙamshin kayan duka, sai a zuba kayan lambun a juya, a rufe na ɗan lokaci. Amfanin wannan ga mai ciwon suga ba ya misaltuwa, domin babban abin da ke karya niyyar majinyata shi ne rashin ɗanɗano. Mutum zai iya jure dafaffen kabeji salam na mako biyu saboda tsoron abin da likita ya faɗa, amma ba zai jure shi shekara goma ba. Kabejin da aka yi thoran da shi, an yanka shi siriri kamar zare, an haɗa da gurzajjiyar kwakwa da kurkum da ganyen kori, abinci ne da lafiyayyu ma ke miƙa hannu su ƙara. Da zarar haka ta faru, an daina dafa wa majinyaci tukunyarsa daban.

Kuɓewa, wadda suke kira bhindi, tana cikin waɗanda aka fi so, kuma a nan ne Bahaushe da Ba'indiye suka raba hanya. Abin da ake nema a miyar kuɓewa a Katsina shi ne yauƙi, har kanwa ake sa mata don ta ja. A Delhi kuwa yauƙi aibi ne da uwar gida ke jin kunyarsa. Ana wanke kuɓewar a shanya ta ta bushe sarai kafin wuƙa ta taɓa ta, a soya ta a buɗe ba murfi, a jinkirta gishiri, a ƙarshe a barbaɗa amchur, garin busasshen ɗanyen mangwaro, don tsaminsa ya yanke abin da ya rage. Ko ta wace hanya aka bi, giram 100 na kuɓewa sitaci da sugansa kimanin giram 7 ne, kusan rabinsu kuma fiba. Yaukin da ake gudu ɗin ma fiba ne mai narkewa, irin wanda ke jinkirta tsotsar suga, don haka a wannan gardama dai miyar Katsina ba ta yi asara ba.

Akwai kuma baingan bharta, inda ake gasa babban yalo mai launin shunayya a kan harshen wuta har fatarsa ta ƙone, a ɓare, a farfasa naman, a soya shi da albasa da tumatir da tafarnuwa. Ƙamshin hayaƙin ne ke ɗauke da shi. Akwai saag, ganyen da aka dafa ya yi laushi aka niƙa, na mastad a Punjab lokacin sanyi, ko na palak mai kama da alayyafo, wanda ake jefa wa gutsattsarin paneer, cukun da ake yi ta hanyar tsinke madara da lemon tsami. Paneer kusan ba shi da sitaci, sai dai yana da kitse, don haka 'yan gutsure sun wadatar. A Andhra Pradesh abin alfaharinsu gongura ne, ganye mai tsami wanda duk wanda ya san yakuwa da rama zai gane shi daga nesa, domin dangi ɗaya ne. Zogale ma ɗan asalin yankin Indiya ne. A kudu dogayen 'ya'yansa ake yankawa cikin sambar, ganyen kuma a yi poriyal da shi. Mai karatun da ya kai ɗan'uwa jinya Chennai ko Hyderabad ya yi makonni yana kewar gida, da ya leƙa kasuwar kayan miya da ya ga rabin lambun Kadawa a shimfiɗe.

Batun dal yana son a tsaya a kansa, domin nan ne ake yawan kuskure. Dal suna ne na wake da adas da aka ɓare aka raba biyu, da kuma romon da ake yi da su. A ƙasar da ɗimbin mutane ba sa cin nama, yana cikin manyan hanyoyin samun furotin. Rabin kofi na dafaffen adas na da furotin kimanin giram 9 da fiba kimanin giram 8, amma yana da sitaci kimanin giram 20 shi ma. Ma'ana dal ba kyauta ba ne kamar kokwamba. Wanda ya ƙara shi dole ya rage shinkafa daidai gwargwado. Sannan dal ɗin da ake zubawa a yawancin gidaje tsararo ne, ruwa ya fi wake yawa, aikinsa kawai ya jiƙa shinkafa ta wuce maƙogwaro. Wanda ke amfanar mai ciwon suga shi ne mai kauri, ko ma waken da aka bari da ƙwayarsa. A Tamil Nadu akwai sundal, dafaffen chana ko farin wake da aka yi wa tadka aka barbaɗa kwakwa, wanda ake rabawa a bikin Navaratri ake kuma sayarwa a bakin tekun Marina. A Karnataka akwai kosambari, inda ake jiƙa moong dal har ya yi laushi ba tare da an dafa ba, a haɗa da kokwamba da karas da lemon tsami. Waɗannan sai an tauna su, kuma abin da aka tauna ya fi jinkirin narkewa a kan abin da aka niƙa ya zama kunu.

Ba duk abin da ke cikin katori ne abokin majinyaci ba, kuma wanda ya fi yaudara shi ne dankalin Turawa. Baƙo ne a Indiya, Turawan Fotugal ne suka kawo shi kamar yadda suka kawo barkono, amma ya zauna ya zama ɗan gida har ana lissafa shi cikin kayan lambu. Aloo gobi, aloo matar, aloo methi, aloo palak: duk inda aka ga kalmar aloo, dankali ne. Mutum zai ci roti uku da sabzin dankali da 'yar shinkafa ya tashi yana ganin ya ci kayan lambu, alhali sitaci ya ci a kan sitaci a kan sitaci. Gyaran ba wuya: a cire dankalin daga aloo gobi, farin kabejin ya tsaya da ƙafarsa. Haka raita takan lalace idan aka zuba mata boondi, ƙananan ƙwallayen garin chana da aka tsoma a mai. Pakora kayan lambu ne a suna, amma rigar ƙullu da man suya sun fi abin da ke ciki yawa. Lassi mai zaƙi kindirmo ne da sukari cokali-cokali, alhali ɗan'uwansa chaas, tsararon nono mai gishiri da kumin, ba shi da wannan laifi. Miyar gidajen cin abinci kuwa, irin jan romon nan mai santsi da ake zuba wa paneer ko kaza, sau da yawa kirim da niƙaƙƙen kashu da ɗan sukari ne ke ba ta wannan santsin.

Sai gur, wanda ba wani abu ba ne illa mazarƙwaila. A Gujarat ana jefa shi cikin dal da kadhi da sabzi, a arewa kuma shi ne ke zaƙaƙa chutney na tsamiya da dabino da ake ɗiga wa samosa. Imani ya yaɗu cewa tunda bai bi ta matatar kamfani ba, ba ya cutar da mai ciwon suga. Mafi yawan abin da ke cikinsa sukari ne irin na rake, ɗan ƙarfen jini da ke tare da shi kuma bai kai ya biya wannan bashi ba. Chutney na ɗanyen koriyanda da na'a-na'a da barkono da lemon tsami yana yin aikin tayar da ɗanɗano ba tare da zaƙi ba. Achar da papad kuma matsalarsu gishiri ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, ciwon suga da hawan jini kuwa tafiyarsu ɗaya, kuma ƙoda ce ke ɗaukar dukan biyun.

Abu mai ɗaci yana da wata daraja ta musamman a zukatan masu wannan ciwo, a Indiya da ƙasar Hausa baki ɗaya. Tunanin a bayyane yake: tunda zaƙi ne cutar, ɗaci ne maganinta. Karela ɗan'uwan garafuni ne, kuma mahaɗi ne mai kyau idan aka yanka shi aka murza da gishiri aka matse, aka soya da albasa mai yawa. Yana ɗauke da sinadaran da suka rage suga a gwajin dabbobi. Amma da cibiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane ta yi bitarsu a 2012, hukuncinta shi ne hujjar ba ta isa a ce yana maganin ciwon suga ba. Methi, wato hulba, ta ɗan fi shi madogara, domin ƙwayarta na da fiba mai yauƙi da ke jinkirta tsotsar suga, ɗanyen ganyenta kuma na yin sabzi mai daɗi. Haɗarin yana zuwa ne lokacin da aka fitar da su daga kwanon mahaɗi aka mai da su kwalbar magani. Wanda ke allurar insulin ko shan ƙwayoyi irin su glibenclamide, ya kuma ɗora kofin ruwan karela da jiƙon hulba da sassafe ba tare da sanin likitansa ba, sugansa na iya faɗuwa ƙasa da kima, kuma wannan yakan kayar da mutum cikin mintuna. Mafi muni shi ne wanda ya ajiye maganin gaba ɗaya. Akwai ma lauki, wani nau'in duma marar ɗaci da ake yin sabzi da raita da shi, wanda aka yayata shan ɗanyen ruwansa. Wani lokaci akan ci karo da mai ɗaci, ɗacin kuma guba ce da ke sa amai da zubar jini a ciki. An sami mace-mace har hukumomin lafiyar Indiya suka yi gargaɗin a ɗanɗana kafin a matse, a zubar da duk wanda ya yi ɗaci. Manomin da ya san ɗacin duman ƙwarya ba zai yi mamaki ba.

Duk wannan bayani yana da sauƙi a takarda. A kan tabarmar cin abinci akwai wasu ƙarfafa biyu da ke ja da baya. Na ɗaya karamci ne. A gidan Ba'indiye, kamar a gidan Bahaushe, ƙauna da ludayi ake auna ta. Uwa ko suruka na tsaye da tukunya, faranti bai kai rabi ba an ƙara, ƙin karɓa kuma kamar raini ne. A gidajen cin abinci masu thali marar iyaka, abin da aka fi saurin ƙarawa shi ne shinkafa da roti, domin su ne masu araha. Na biyu shi ne arahar kanta. Gwamnatin Indiya na raba kilo 5 na shinkafa ko alkama kyauta kowane wata ga kowane ɗaya daga cikin mutum kimanin miliyan 800. Dal da kayan lambu da nono kuwa sai an sa hannu a aljihu, farashin tumatir da albasa kuma kan yi tashin da har gwamnatoci ke jin tsoronsa. Shawarar a cika rabin faranti da kayan lambu, rubu'i da furotin, rubu'i da hatsi, wadda ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta Amurka ta yaɗa, daidai take a kimiyyance, amma a gidan lebura rubu'in ƙarshen nan ne kaɗai ke zuwa kyauta. Wannan ne ya sa mahaɗan da suka fi cancantar yabo su ne masu arha, kabeji da kuɓewa da ganyen zogalen bayan gida da tsararon nono, ba irin kayan ƙetare da ake tallatawa a Instagram ba.

Ga wanda ke da halin zaɓi, sauyin da ake bukata bai kai yadda ake tsoro ba. Farantin nan dai shi ne, kwanukan su ne, hannun mai dahuwa bai sauya ba. Ana auna shinkafar da katori ɗaya a kife ta, maimakon a tula da ludayi. Kwanon dankali ya koma na thoran ko bhindi, dal ya yi kauri, a ƙara kachumber da raita, a fara da su. Ɗan Najeriya ko Nijar da karatu ko kasuwanci ko jinya ta zaunar a Delhi zai iya yin haka a kowace rumfar abinci: ya nemi roti marar man shanu guda biyu maimakon naan, wanda da farin fulawa ake yinsa, ya nemi dal da sabzi marar aloo, ya sha chaas a madadin lassi.

Jikuna sun bambanta, kuma abin da ya yi wa wani daidai na iya tayar da sugan wani. Na'urar gwajin suga ta hannu ce ke raba gardama. Ana auna jini kafin a fara ci, a sake aunawa bayan awa biyu. Ga yawancin manya masu ciwon, abin da likitoci ke nema shi ne adadin ya tsaya ƙasa da 180 a ma'aunin miligiram, wato 10 a ma'aunin milimol. Wanda ya gwada farantin jiya da na yau a haka har sau uku ko huɗu, ya rubuta sakamakon, zai je wurin likitansa da abin da za a iya daidaita magani a kansa. Mai ciwon ƙoda kuwa sai ya fara tambaya kafin ya ƙara ganye da wake da nono, domin sinadarin fotashiyam da furotin da ke cikinsu na iya fin ƙarfin ƙodar da ta riga ta raunana.